Bajamushen Ciyaman

Abu na farko da aka miƙa mini a Amurka shebur ne. Ko jakata ban gama ajiyewa ba matar Ciyaman ta leƙo daga saman bene, ta ce dusar ƙanƙara ta rufe hanyar mota kuma maigida zai fita, in taimaka in kwashe. Na fita da takalmin da na taso da shi daga Bukuru, na yi ta kwasa har na daina jin yatsuna. Ni gola ne, hannuwan nan su ne abin da na zo da shi ƙasar. Na tsaya ina hura musu iska ina kallon unguwar, manyan gidaje a jere, ba kowa a waje, ko kukan kaza babu.

Gidan yana Mitchellville, inda 'yan Najeriya masu hali suka sayi gidaje. Ciyaman mutumin Jos ne da ya daɗe a can. Yana da kamfanin share ofisoshi da kwasar kayan masu canza gida, yana kuma da ƙungiyar ƙwallo da ke buga wata ƙaramar gasa ta waɗanda ba ƙwararru ba. Wani zuwa da ya yi gida ne ya ga wasana. Ya ce yana da Bature Bajamushe, tsohon ɗan wasa kuma tsohon kocin manyan ƙungiyoyi, wanda in ya horar da kai 'yan watanni, waya kawai zai ɗaga ka tsinci kanka a Jamus. Na yarda, mahaifiyata ta yarda, duk layinmu suka yarda.

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa aka ba mu, kusa da injin wanki. Mu huɗu ne: 'yan Ghana biyu da ba su daɗe ba suka gudu, sai ni, sai Musbahu ɗan Damagaram, ɗan wasan gaba, siriri mai yawan dariya, wanda ba ya cewa ƙwallo sai balo. Washegarin zuwana Ciyaman ya karɓi fasfona, ya ce a ƙasar nan ba a yawo da shi, zai ajiye mini. Na kalli Musbahu, ya kawar da kai. Daga nan muka shiga abin da Ciyaman yake kira tirenin ɗin safe, wato ɗaukar firji da kujeru da katifu daga bene zuwa mota, daga mota zuwa wani benen. Ya ce yana ƙarfafa baya. Ƙwallo kuwa sai da yamma, wasu ranaku a mako, a wani fili mai ciyawar roba da yake haya a Gaithersburg.

A can na fara ganin Baturen. Dogo ne kamar falwaya, amma sunansa Gunta, abin da ya sa ni da Musbahu muka yi ta dariya a ɓoye. Ya haura saba'in, yana jan ƙafar dama, yana zaune a kujerar naɗewa da wata tsohuwar rigar sanyi da ta koɗe. Na ce a raina an ɗauko wani tsoho ne daga gidan tsofaffi an ajiye mana. Ya sa aka yi ta buga mini ƙwallo. Da aka tashi ya kira ni da yatsa, ya ce da Turancinsa mai nauyi ina saurin faɗuwa, kuma ina kallon ƙwallo maimakon in kalli ƙugun mai bugawa. Ya miƙe da ƙyar ya nuna mini inda zan dasa ƙafa. Shekaru ina tsaron raga a Filato ba wanda ya taɓa gaya mini haka. Cikin 'yan makonni na ga bambanci. Mutumin ya san ƙwallo, wannan ba zan taɓa ƙwace masa ba, kuma shi ne abin da ya fi ɓata mini rai daga baya.

Ranar Lahadi da rana Ciyaman kan tara baƙi a gidansa, likitoci da injiniyoyi da 'yan kasuwa da matansu. Sai a sa mu saka jesin ƙungiya mu riƙa zagayawa da farantan dafa-duka da lemo. A zaunar da Gunta a kujerar da ta fi kowace kyau, a ajiye masa giya. Ciyaman ya dafa kafaɗarsa ya fara: wannan da kuke gani ya buga wa ƙasar Jamus wasa, ya ɗaga kofuna, manyan kocin da kuke gani a talabijin yaransa ne. Kowace Lahadi labarin ƙara girma yake. Gunta ba ya cewa e, ba ya cewa a'a, sai ya kalli cikin kofinsa yana murmushi. Baƙi su yi hoto da shi, wasu su sa 'ya'yansu a makarantar ƙwallon yara da Ciyaman ya buɗe da sunan Baturen. Ina tsaye da faranti a hannu, wata Hajiya ta taɓa tambayata ko ni ma ina taɓa ƙwallon, ko raba abinci ne kawai aikina.

Kayan tirenin a gidan Gunta ake ajiyewa, tunda yana kusa da fili. Ni aka ɗora wa ɗaukar buhun ƙwallaye ina raka shi. Tafiya ce ta kusa, amma da ƙafarsa takan ɗauke mu lokaci. Gidan ɗan ƙarami ne a hawa na biyu, yana warin kofi da man zafi. Yakan ce in zauna in sha shayi kafin motar kamfani ta zo ɗaukata. A nan na ji labarinsa na gaskiya, kaɗan-kaɗan, ba wanda ake bayarwa ranar Lahadi ba.

A wani garin masu haƙar kwal aka haife shi. Ubansa a ƙarƙashin ƙasa ya ƙare rayuwarsa, da tari. Da na ce masa kakana ma haƙar kuza ya yi, har yanzu ramukan suna nan cike da ruwa a bayan gidanmu, sai ya daɗe yana kallona, daga ranar ya fara kirana da sunana, Isiyaku, maimakon gola. Ya ce ƙwallo ce ta hana shi shiga rami. Mai tsaron baya ne, ya yi shekaru a rukuni na biyu, ba gwani ba ne amma ba a wuce shi cikin sauƙi. Ƙasar Jamus kuwa bai taɓa buga mata ba, ko gayyata ba a taɓa yi masa ba.

Shekarar da ƙungiyarsu ta kai bakin hawa rukuni na ɗaya, saura wasa ɗaya, gwiwarsa ta kumbura. Kocinsu ya shigo ɗakin canza kaya ya ce gari duka yana buƙatarsa. Likitan ƙungiya ya yi masa allurar kashe zafi, ya shiga fili. Suka ci wasan, suka hau, shi kuma jijiyar gwiwar ta tsinke kafin a tashi. Rukuni na ɗayan da ya yi mafarkinsa tun yana yaro, daga gadon asibiti da kan benci ya kalle shi. Ya ce 'yan mintoci aka taɓa sa shi, don tausayi. Bai kai talatin ba ya ajiye takalmi. Ranar da yake ba ni wannan labarin ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna mini tabon, idonsa ya kawo ruwa.

Sai ya shiga koyon horarwa. Ya fara da yara, ya zama mataimaki, har aka ba shi ƙungiya da ke dab da faɗawa rukunin ƙasa. Ya cece ta a wasan ƙarshe, magoya baya suka ɗauke shi a kafaɗa suka zaga gari da shi. Kakar da ta biyo baya su ɗin dai suka riƙa jifansa da kofunan giya, kuma a rediyon mota ya ji cewa an kore shi. Daga nan sai ƙananan ƙungiyoyi, kowace ta fi ta baya ƙanƙanta. Ya yi ƙasashen Larabawa, ya yi gabashin Afirka, inda ya haɗu da wata Ba'amurkiya mai aikin agaji ya aure ta, ya biyo ta Maryland. Ciwon daji ya kashe ta. Ya ce an kore shi daga aiki sau da yawa har ya daina fitar da kayansa duka daga akwati.

Na ji tausayinsa, har na fara jin kamar kakana ne. Shi ya sa wata rana, bayan mun yi wata da watanni, na samu ƙarfin halin tambayarsa yaushe zai kira Jamus a kanmu.

Ya yi wata gajeriyar dariya. "Wa zan kira, Isiyaku? Waɗanda suka san ni rabi sun mutu. Sauran in na kira sai su tambaye ni wane Gunta."

Na ce amma Ciyaman ya ce mana waya kawai zai ɗaga.

"Ni ban taɓa yi wa kowa alkawari ba," in ji shi, yana juya cokali a kofi.

Na tambaye shi ko ya san abin da ake gaya wa iyayenmu a gida da sunansa. Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce shi aikinsa fili, abin da ake faɗa a wajen fili ba nasa ba ne. Shayin da ke bakina ya koma mini kamar ruwan kwata. Mutumin nan yana zaune kowace Lahadi ana ƙarya a kansa, yana ganinmu da faranti, yana ganin bayanmu a sunkuye saboda ɗaukar firji, ya san babu wata Jamus a ƙarshen hanyar, amma saboda bai furta da bakinsa ba yana ganin hannunsa a wanke yake. Na ajiye kofin na sauka ƙasa na jira mota a cikin sanyi.

Na gaya wa Musbahu duk abin da na ji. Ya ce shi ba zai iya ɗaga waya ya gaya wa tsohuwarsa haka ba. Ya ce ko babu Jamus ai akwai ido, wata rana wani zai gan shi yana buga balo ya ɗauke shi. Ban musa masa ba, domin yaron ya iya. Na tsaya a raga a gaban 'yan wasan gaba da yawa, ban ga wanda ke juyawa da ƙwallo a ɗan ƙaramin wuri kamarsa ba.

A wajen wannan lokacin na haɗu da Anti Rifkatu. Muna kwasar kaya a wani dogon gini a Takoma Park, gilashin tebur ya fashe ya yanke ni a tafin hannu. Na ce wayyo Allah da ƙarfi. Sai na ji murya daga ƙofar da ke kallonmu: "Kai ɗan ina ne?" Wata mace ce gajeriya, mai jiki, da kayan nas. Na ce Bukuru. Ta ce ita 'yar Kafanchan ce, in shigo. Ta wanke ciwon ta ɗaure, tana yi tana faɗa, wane irin mutum ne zai sa mai tsaron raga ɗaukar gilashi ba safar hannu. Ta zuba mini gwaten acca mai zafi. Tun da na bar gida ban ci abin da ya kai cikina kamar wannan ba, na ci ina sunkuyar da kai don kada ta ga idona. A gida wataƙila da ni da ita ba ma unguwa ɗaya za mu zauna ba. Ta tambaye ni ina fasfona, na faɗa mata. Ta yi tsaki, ta karɓi wayata ta sa lambarta, ta ce duk ranar da abu ya ɓaci in kira, ko tana wurin aiki.

Da zafi ya shigo Ciyaman ya ba da sanarwar babban wasa. Ya ce masu neman 'yan wasa daga wata babbar ƙungiya za su zo kallo, kuma ya gayyaci duk baƙinsa na Lahadi. Ya sa aka kafa rumfa, aka yi hayar mai kiɗa. Ana saura 'yan kwanaki, muna sauko da injin wanki daga bene, ƙafar Musbahu ta zame, gwiwarsa ta murɗe. Ta kumbura har wando ba ya wucewa. Ranar wasan ko tsugunawa ba ya iya yi, sallar asuba ma a zaune ya yi ta.

Muna canza kaya a bayan motar kamfani a wurin ajiye motoci sai ga Ciyaman da wani mutum mai ƙaramar jaka, yana kiransa Dokta. Daga baya Anti ta ce ta san shi, ba likita ba ne, tausa yake yi a wani gidan motsa jiki. Ya fito da allura. Ban san lokacin da na ruga wajen Gunta ba, yana can bakin fili a kujerarsa. Na ce ya zo ya ga abin da za a yi. Ya taso yana jan ƙafa, ya tsaya a kan Musbahu, ya kalli gwiwar, ya kalli allurar.

Na ce, "Koci, kai ka san wannan allurar."

Bai kalle ni ba. Ya ce wa Ciyaman, a hankali, gara yaron ya huta yau. Ciyaman ya amsa da murmushi, ya ce mutane sun zo daga nesa don su ga wannan yaron, in kuma ba zai buga ba to bai ga amfanin ci gaba da hayar fili ba, kowa sai ya zauna a gidansa, har da koci. Ina kallon fuskar Gunta, ina jira. Da bakinsa ya ba ni labarin nan, da idona na ga tabon. Kalma ɗaya ce kawai ta rage masa.

Sai ya sunkuya ya tambayi Musbahu, "Za ka iya?"

Me kake so yaro ya ce, ga rumfa cike da mutane, ga waɗanda aka ce sun zo ɗaukarsa? Ya ce zai iya. Gunta ya gyaɗa kai, ya juya ya koma kujerarsa. Aka yi allurar.

Musbahu ya ci ƙwallo ɗaya kafin hutun rabin lokaci, mai kyau, rumfa ta ɗauki tafi, Ciyaman yana nuna shi da hannu biyu kamar shi ya haife shi. Bayan an dawo, aka ba shi ƙwallo a tsakiyar fili, ba kowa kusa da shi, ya juya kamar yadda ya saba, sai ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa. Daga ragata na ji ƙararsa. Na bar raga na ruga. Yana kwance yana cizon jesinsa yana kiran sunan Allah.

Na ce a kira motar asibiti. Ciyaman ya ja ni gefe ya ce in rufa wa kaina asiri, in motar asibiti ta zo za a tambayi takardu, bizarmu kuma ta daɗe da ƙarewa, ko so nake a kwashe mu duka? A kai shi gida a sa masa ƙanƙara. Mai kiɗa bai ko rage sauti ba. Aka ja Musbahu waje kamar buhu, aka sa wani a madadinsa, alƙalin wasa yana ta hura mini usur in koma raga. Masu neman 'yan wasan kuwa, mutum biyu ne da baƙin tabarau a gaban rumfa. Da na matsa kusa na gane ɗayan, dillalin motoci ne, mu muka kwashe masa kaya lokacin da ya canza gida. Gunta yana zaune, hannuwansa a kan gwiwoyinsa, yana kallon ƙasa.

Na cire safar hannuna na jefar a fili, na kira Anti Rifkatu. Ta baro aiki ta zo da kayan nas a jikinta. Muka sa Musbahu a bayan motarta muka wuce asibiti. A hanya ta ce mana ƙarya ce, ɗakin gaggawa ba ya korar mai rauni saboda takardu. Likitoci suka ce jijiyoyi biyu sun tsinke, kuma da ya huta tun ranar da ya zame, da ɗauri da hutu sun ishe shi.

Ba mu koma Mitchellville da kwana ba. A falonta muka zauna, Musbahu a doguwar kujera, ni a ƙasa. Ranar Lahadi, daga coci, da ɗaurin kanta da komai, ta ce in shiga mota. Muka tarar da baƙi sun fara taruwa. Ciyaman ya fito yana cewa Madam bismillah, shigo daga ciki. Ta ce a nan bakin ƙofa ma ya isa.

"Fasfon yaran nan na zo karɓa," in ji ta, da murya yadda na falo za su ji. "In ka ba ni yanzu, ni da kai ne. In ka ce in dawo gobe, ba ni kaɗai zan dawo ba. Kai ma ka san sunan da dokar ƙasar nan take kiran abin da kake yi."

Ya fara cewa shi taimako yake yi, yaran yanzu ba su da godiya. Ta ce ta ji, ya kawo. Ya shiga ya fito da su ya miƙa mata ba tare da ya kalle ni ba. Ta cikin taga na hango Gunta a kujerar nan tasa, da kofi a hannu. Wasan bai yi mako guda da wucewa ba.

Bayan an yi wa Musbahu aiki sai ga Gunta ya zo Takoma Park, da ledar lemo a hannu. Anti ta buɗe masa, ta ba shi kujera. Ya zauna yana haki saboda hawan bene. Musbahu ya miƙa masa hannu, ya ce ba komai Koci, haka Allah ya rubuta. Ni ban miƙa ba. Na tambaye shi abu ɗaya: me ya hana shi cewa a'a?

Ya ce, "In Ciyaman ya rufe filin, ba ni da inda zan je da yamma. Gidan nan shiru yake yi, Isiyaku. Ba ka san irin shirun ba."

Na ce na gane, ƙafar yaro ya bayar don ya samu wurin zama da yamma. Bai musa ba. Da ya yi gardama, ko ya yi fushi, da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ya gyaɗa kai kamar na gaya masa sakamakon wasa.

Abin da ya biyo baya har yau ban san inda zan ajiye shi ba. Shi ne ya riƙa zuwa da tsohuwar motarsa yana kai Musbahu wajen gashin ƙafa, duk mako, bai taɓa fashi ba. Ya zauna ya jira, ya dawo da shi, ya koya masa yadda zai hau bene da sanda. Daga nan kuma ya wuce fili, domin Ciyaman ya riga ya kawo sababbin yara daga gida, suna ɗakin ƙarƙashin ƙasa, Gunta yana nuna musu inda za su dasa ƙafa. Na taɓa tare shi a bakin mota na ce ko su ya gaya musu gaskiya. Ya ce in sun tambaye shi zai faɗa. Ya san ba za su tambaya ba sai lokaci ya ƙure.

Da sanyi ya dawo, maƙwabtan Gunta suka ga kwana biyu bai sauko ba, aka buɗe ƙofa aka same shi ya cika a kujera. Anti ta ce mu je jana'izar. Na ce ba za ni ba, ta ce ba don shi za ka je ba, don Musbahu ne, wa zai riƙe shi a kan ƙanƙara? Muka je. Mu uku ne, sai ƙanwar matarsa da fasto. Daga Jamus ba wanda ya zo, ba wanda ya aiko. Ciyaman ma bai zo ba, amma ya aiko da furanni masu girma, da sunan ƙungiyarsa a jiki da manyan baƙaƙe. Musbahu ya yi kuka. Ni na tsaya ina kallon ramin, ina neman abin da zan ji, ban samu komai ba sai ɗaci a bakina.

Musbahu ya koma Damagaram da ɗingishi. Yana sayar da kayan waya a shagon yayansa, in mun yi magana ba ya kawo zancen balo, ni ma ba na kawowa. Ni kuwa Anti ta haɗa ni da wata lauya ta hanyar cocinsu, ana bin maganar takarduna, na samu izinin aiki, ina wanke-wanke a kicin ɗin wani gidan kula da tsofaffi. Lauyar ta shigar da ƙorafi a kan Ciyaman, ta ce irin wannan magana tana ɗaukar lokaci. Shi dai har yanzu yana nan, yana tara baƙi.

Kwanakin baya ina hutun cin abinci sai Nura, ɗan baffana, ya turo mini hoto a waya. Sanarwa ce ta gwajin 'yan wasa da za a yi a Jos, ga sunan Ciyaman, ga alkawarin Jamus. A tsakiya hoton Gunta ne a bakin fili, watanni bayan an binne shi. A gefensa kuma ni ne, da buhun ƙwallaye a kafaɗa, an rubuta a ƙasa wai mataimakin koci. Nura ya rubuto cewa an zaɓe shi.

Na kira nan take. Na gaya masa komai, firji da faranti da allura, ban rage ba. Yana ta cewa to Yaya, to Yaya, da muryar wanda ba ya saurare. Sai Baffa ya karɓi wayar. Ya ce ya ji mamakina, na samu na shiga yanzu ina so in rufe wa ƙanena ƙofa. Na ce Baffa, wallahi Baturen nan ya mutu, a kan kabarinsa na tsaya da ƙafata.

Ta cikin wayar ina jin kukan babur yana wucewa ta ƙofar gidanmu. Sannan ya ce, "To, kowa ai mai tafiya ne. Amma tunda kai ne mataimakinsa, sai ka kira Jamus ɗin da kanka, ka yi wa ƙanenka hanya."

Shugabar kicin ta leƙo tana nuna mini agogo. Na ce wa Baffa zan sake kira, na ɗaura rigar aikina, na koma kan tukwane.